Fudin Shinkafa: Yadda Abincin Sarakuna ya Koma na Talaka

Gabatarwa

Kusan duk al'ummar da Allah ya hore wa shinkafa da madara ta gano dabarar haɗa su a tukunya guda, ta zuba abin zaƙi, ta sami abincin marmari. Sunayen da ake kiran wannan abinci da su ma sun isa shaida. Larabawa kan ce ruz bil laban, wato shinkafa da madara. Farisawa kan ce shir berenj, madara da shinkafa ke nan. Turkawa suna da sutlac, wanda asalinsa kalmomi biyu ne masu nufin abinci mai madara. A Indiya kuwa ana kiran sa khir, daga kalmar madara a tsohon harshen Sanskirit. Mutanen Sifen na cewa arroz con leche, kuma mai nazarin harshe zai lura da cewa arroz ɗin nan ba wata aba ba ce illa kalmar Larabci ta shinkafa haɗe da harafin tsayarwarta, domin Larabawa ne suka kai noman shinkafa Andalus.

Wannan babi zai dubi nau'in da aka sani a Ingila da Amurka, musamman a ƙarni na 18, lokacin da littattafan girke-girke suka fara kawo hanyoyin dafa shi masu arha domin gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Za a bi sawun yadda abin da sai a fada ake cin sa ya gangaro har ya zama abincin marayu, sannan a kawo hanyoyi uku na dafa shi da abin da ke hannu.

Matsalar Suna

Turawan Ingila suna kiran wannan abinci pudding. Mafi yawan masana suna danganta kalmar da boudin ta Faransanci, wadda ke nufin hanjin dabba da aka ɗura wa nama ko jini aka dafa. Ashe ke nan a farkon al'amari sunan bai da wata alaƙa da zaƙi. Duk abin da aka cusa cikin hanji ko tumbi aka dafa shi ya daskare, sunansa ke nan. Daga baya ma'anar ta faɗaɗa, ta bar hanjin ta bi abin da ke ciki, har aka wayi gari Bature na kiran kowane abin zaƙi da ake ci bayan abinci da wannan suna. Wannan misali ne mai kyau na sauyin ma'ana, irin wanda ɗalibi kan gamu da shi a darasin ilimin ma'ana.

Hausa ba ta da kalma guda da ta yi daidai da shi. Idan aka ce kunu, an kusa, amma kunu sha ake yi, wannan kuwa da cokali ake ci. Idan aka ce tuwo, an wuce gona da iri, domin tuwo tuƙa shi ake yi kuma da miya yake tafiya. Fate ya fi kusa ta fuskar kauri, sai dai fate na gishiri ne da ganye. Abin da ya fi kama da shi a ɗakin girkin Bahaushiya shi ne kunun gyaɗa, inda ake dafa shinkafa cikin ruwan niƙaƙƙiyar gyaɗa har ta narke. Tun da babu kalma a hannu, sai a bi hanyar aro, a ce fudin, kamar yadda Hausa ta saba mayar da harafin p na Ingilishi zuwa f a kalmomi irin su fensir da fanka da fasfo.

Daga Fada

Tun a ƙarni na 10 littafin girki na Ibn Sayyar al-Warraƙ, wanda aka tsara a Bagadaza, ya ƙunshi girke-girken shinkafa da madara irin waɗanda ake yi wa halifofi da fadawansu. A Ingila kuwa shinkafa ba ta tsirowa, saboda sanyin ƙasar. Sai dai 'yan kasuwa su kawo ta daga ƙasashen Bahar Rum, kuma a gidajen manya ana lissafa ta ne tare da barkono da girfa da za'afaran, a kulle ta a ma'aji guda da su. Littafin da ake kira The Forme of Cury, wanda kukun Sarki Richard na II suka tattara wajen shekarar 1390, ya kawo girkin shinkafa da ake dafawa a romon nama, a zuba mata ruwan niƙaƙƙen almon, a rina ta da za'afaran. Ruwan almon ɗin ya samu karɓuwa ne saboda Kiristocin wancan zamani ba sa shan madarar dabba a kwanakin azuminsu. Mai karatu zai ga cewa dabarar ɗaya ce da ta kunun gyaɗa: a niƙa ƙwaya mai maiƙo, a tace, ruwanta ya tsaya a madadin madara.

A shekarar 1615 Gervase Markham ya fitar da littafinsa The English Huswife, inda fudin shinkafa ya bayyana da cikakkiyar kamarsa ta masu hali. Ana jiƙa shinkafa cikin madara ta kwana, a dafa ta cikin kirim mai kauri, a fasa mata gwaiduwar ƙwai shida, a zuba dabino da ƙananan zabibi da kanumfari da sukari da kitsen shanu mai yawa, sannan a ɗura cikin hanji a dafa. Duk wanda ya dubi jerin kayan nan ya san ba na talaka ba ne. Ko hanjin ma ba ya samuwa sai ranar da aka yi yanka.

Abubuwa uku ne suka sauya wannan hali. Na farko ƙaramin abu ne a ido: ƙyalle. A farkon ƙarni na 17 matan Ingila suka fara ƙulle fudin cikin ƙyalle a maimakon hanji. Ƙyalle kuwa kowa na da shi, ana wanke shi a sake amfani da shi, kuma ba ya jiran ranar yanka. Sauran biyun su ne faɗuwar farashin sukari da na shinkafa, kuma a nan ne labarin ya yi nauyi.

Daga shekarun 1640 Ingilishi suka mayar da tsibirin Barbados gonar rake, daga baya Jamaika ta biyo baya. Daga shekarun 1690 kuma aka fara noman shinkafa na sayarwa a fadamun Karolina ta Kudu, a gabashin ƙasar da ta zama Amurka, ana fitar da ita ta tashar jiragen ruwa ta Charleston. Mafi yawan waɗanda suka yi wannan noma bayi ne da aka kwaso daga Afirka. Zuwa shekarar 1708 baƙaƙen fata sun fi Turawa yawa a Karolina ta Kudu. Da yawa daga cikinsu an ɗebo su ne daga gaɓar tekun da ta tashi daga Senegal da Gambiya zuwa Saliyo, inda mutane suka daɗe da sanin noman shinkafa a fadama, domin Afirka ta Yamma tana da irinta na kanta, wanda aka fara nomawa a yankin kogin Kwara tun kimanin shekaru dubu uku da suka wuce. Masu fataucin bayi sukan ambaci cewa bayinsu daga ƙasar shinkafa suke idan suna tallar su. Masana tarihi sun yi saɓani a kan gwargwadon ilimin noman da bayin suka kai can. Judith Carney, a littafinta Black Rice na shekarar 2001, ta nuna cewa shi ne ginshiƙin noman baki ɗaya, wasu kuma suna ganin an zuzuta. Abin da babu gardama a kansa shi ne, su ne suka sare dazuzzukan, suka haƙa magudanan ruwa, suka tsaya cikin laka da sauro, kuma matansu ne suka surfa shinkafar da turmi da taɓarya, suka sheƙe ta da matankaɗi. Arhar da matar gida ta samu a Landan wasu ne suka biya ta da rayukansu. Malamin da zai koyar da wannan darasi bai kamata ya tsallake wannan gaɓa ba, ko da kuwa darasin na girki ne.

Sakamakon haka, a ƙarni na 18 shinkafa ta sauko daga ma'ajin kayan ƙamshi ta shiga kantin unguwa. A shekarar 1795, da aka yi ƙarancin alkama a Ingila, gidan renon yaran da aka tsinta na Landan ya daina yi wa yaransa fudin garin alkama ya koma na shinkafa, domin 'yar shinkafa kaɗan idan ta sha madara ta kumbura takan ciyar da baki masu yawa. A ƙarni na 19 kuwa fudin shinkafa ya zama abincin yara da majinyata da 'yan makarantar kwana.

Hanyoyi Uku na Dafawa

A shekarar 1747 Hannah Glasse ta buga littafinta The Art of Cookery Made Plain and Easy a Landan. Ta rubuta shi da harshe mai sauƙi domin 'yan aikin gida su fahimta, kuma an yi ta sake buga shi har cikin ƙarni na 19. A babin abincin azumi ta kawo fudin shinkafa iri-iri, uku daga ciki ta kira su masu arha. Ya kamata a fahimci abin da take nufi da arha: babu ƙwai, babu kirim, babu ɓawon fulawa da ake shimfiɗa wa kwano. Awonta na shinkafa shi ne kwatan laba, wato kimanin giram 113, abin da bai cika gwangwanin madara ɗaya ba.

Hanya ta farko ita ce ta ƙyalle, kuma ita ce mafi arha, domin ko madara ba ta buƙata. A wanke shinkafa a rege ta, a tsane. A samo farin ƙyalle mai tsabta wanda ba ya zuba, a tsoma shi a ruwan zafi a matse. A zuba shinkafar a tsakiyarsa tare da zabibi, a tattara bakin ƙyallen a ɗaure da zare. A wajen ɗaurin nan ne gwaninta take. Shinkafa kan ninka girmanta kusan sau uku idan ta dahu, saboda haka dole a bar mata fili. Idan aka matse ɗaurin, tsakiyar za ta fito da tsatsa-tsatsa ba ta nuna ba, ko ma ƙyallen ya yage. Idan kuma aka sake shi da yawa, sai a sami dafaffiyar shinkafa kawai a warwatse, ba curi ba. Daidai shi ne a bar sarari kamar ninki biyu na shinkafar a samanta. A jefa ƙullin cikin ruwan da ya riga ya tafasa, a sa ɗan faranti a gindin tukunyar don kada ƙyallen ya kama, a bar shi awa biyu. Idan ruwa ya ja baya a ƙara na zafi, ba na sanyi ba. In ya dahu a kwance, a kife a faranti, a narka man shanu da sukari a kwarara a kai, a goga gyaɗar ƙamshi kaɗan.

Glasse ta sa zabibi ninki biyu na nauyin shinkafar, domin shi ne ke ba da zaƙi daga ciki. A ƙasar Hausa zabibi yana da tsada, amma dabino da aka cire wa ƙwallo aka yayyanka yana yin wannan aiki, har ma ya fi. Tana da wani nau'in kuma wanda babu zabibi sam: a dafa shinkafar cikin ƙyalle awa ɗaya, a kwance, a gauraya ta da man shanu da sukari da gyaɗar ƙamshi, a sake ɗaurewa tamau, a mayar ta ƙara awa ɗaya. Ɗaurin na biyu ana matse shi ne saboda shinkafar ta gama kumbura, abin da ya rage shi ne ta haɗe jikinta. Amfanin ƙyalle ga talakan Ingila a fili yake. Gidaje da yawa ba su da tanderu, tukunya ɗaya ce rataye a kan wuta, saboda haka ana iya jefa ƙullin cikin tukunyar da ake dafa nama ko kayan lambu, itace ɗaya ya yi aiki biyu. Wanda ya saba ganin yadda ake ƙulla alala ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Hanya ta biyu ita ce a dafa a madara sannan a gasa. A zuba kwatan laba na shinkafa cikin madara kimanin lita ɗaya, a ɗora a wuta marar ƙarfi, ana juyawa da muciya ko ludayi har ta fara kauri. Juyawar wajibi ce, domin madara da sitaci suna saurin kamawa a gindi, kuma da zarar ta ƙone ƙaurin ya game tukunya, babu gyara. A sauke, a bari ta ɗan huce, a zuba man shanu da sukari da gyaɗar ƙamshi, a shafa wa kwano mai, a juye, a gasa har samanta ya yi ja. Glasse ta sa man shanu daidai nauyin shinkafar. Wannan ya yi yawa ga cikin mutumin yau da kuma aljihunsa, cokali biyu sun wadatar. Wanda ba shi da madarar shanu zai iya dama ta gari, kimanin giram 130 a cika ta da ruwa zuwa lita ɗaya. Wanda kuma ba shi da wurin gashi yana iya tsayawa a dafuwar farko, ya ƙara mata minti goma, ya ci abinsa da zafi.

Hanya ta uku daga Amurka ta fito, a littafin Amelia Simmons mai suna American Cookery, wanda aka buga a garin Hartford a shekarar 1796. Ita ce mafi ƙarancin wahala. Awo ɗaya na ɗanyar shinkafa, awo takwas na madara, da gishiri kaɗan da man shanu da kayan ƙamshi, a haɗa su a kwano mai zurfi ba tare da an dafa komai ba, a sa a tanderu awa biyu da rabi. Mai girki na farko kan tsorata idan ta ga 'yar shinkafa tana iyo cikin madara mai yawa haka, har ta ƙara. Kuskure ne. Madarar za ta ƙafe a hankali, shinkafar ta sha sauran, abin ya fito da laushi kamar kindirmo, da ɓawo ja a samansa. Idan da tanderun zamani ne, zafin digiri 150 a ma'aunin Salshiyos ya isa, kuma yana da kyau a juya sau ɗaya ko biyu a awar farko. Idan babu, dabarar da mata ke gasa kek da ita tana aiki: a zuba yashi a gindin babbar tukunya, a ɗora kwanon a kai, a rufe, a sa garwashi kaɗan a kan murfin.

Abin da ke Kawo Kauri

Tun da babu ƙwai babu fulawa, me ke sa fudin ya yi kauri? Amsar tana cikin ƙwayar shinkafar. Mafi yawanta sitaci ne, kuma sitacin iri biyu ne: amilos, wanda ke sa shinkafa ta yi warawara, da amilofektin, wanda ke sa ta yi danƙo. Idan ƙwayar ta yi zafi cikin ruwa, sitacin kan sha ruwa ya kumbura, wani ya fice ya shiga cikin madarar ya ɗaure ta. Saboda haka shinkafar tuwo, wadda ba a turara ba, ita ce ta dace da wannan girki. Shinkafar da aka turara kafin a cashe ta, irin wadda ake dafa-duka da ita, sitacinta ya riga ya daskare, ko an daɗe ana dafa ta ba ta sakin jiki sosai. Tsakin shinkafa, wanda ya fi kowace arha a kasuwa, shi ya fi saurin narkewa. Wannan na daga cikin wuraren da mai arha ya fi mai tsada kyau.

Akwai hikima kuma a yadda Glasse ke jinkirta sukari sai shinkafa ta nuna. Sukari yana riƙe ruwa, saboda haka idan aka zuba shi da yawa tun farko ƙwayar kan daɗe ba ta yi laushi ba. Mazarƙwaila ko zuma na iya maye gurbinsa, sai dai ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba zuma. Haka nan kada a yi kuskuren zuba tsamiya ko lemon tsami kamar yadda ake yi wa kunun gyaɗa, domin tsami yana tsinka madarar shanu ta yi gudaji. Dalilin ke nan da ya sa nono da kindirmo ba sa shiga tukunyar. In ana son su, sai a zuba a kai bayan an sauke ya huce.

Ta fuskar gina jiki hanyoyin uku ba ɗaya suke ba. Na ƙyalle yana cika ciki, amma sitaci ne da mai da sukari kawai. Masu madarar su ne ke ɗauke da sinadarin gina jiki da na ƙarfafa ƙashi, kuma su ya kamata a ba yara da masu jinya.

Kiyayewa

Dafaffiyar shinkafa ba ta son ajiya a wuri mai ɗumi. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus wadda irinta ke zama a jikin ɗanyar shinkafa, kuma dafuwa ba ta kashe shi. Idan abinci ya huce ya daɗe a ajiye, irin kan farfaɗo ya hayayyafa, ya saki dafin da ke jawo amai, wanda ɗumame ba ya karya shi. Madara kuma tana ƙara wa ƙwayoyin cuta abinci. Saboda haka fudin da ba a ci da zafi ba a sa shi a firji kafin awa biyu, a cinye shi kashegari. Inda babu firji, ko wutar lantarki ba ta da tabbas, sai a dafa daidai cikin masu ci, musamman a watannin bazara. Madarar da aka sayo kai tsaye daga ruga kuwa a tabbata ta tafasa sosai kafin a ɗanɗana, ko da ɗanɗanon gishiri ne.